Tafkin Sakib

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gahawa na ƙauyenmu Brezovo ya san Sakib ya yi soja a rundunar jiragen sama. Ba sai ka tambaya ba. Kafin gahawarka ta huce ya tashi da kai sama, ya kifa jirgi, ya ratsa tsakanin duwatsu da fiffike ɗaya, ya dire ka lafiya kafin kurɓin ƙarshe. Mutum biyu ne kawai suka san duk zamansa na bariki a madafa ya yi shi yana feren dankali: matarsa Zumra, da maƙwabcinsa Ramiz da suka je sojan tare. Zumra ba ta taɓa faɗa ba, don a ganinta rufa wa miji asiri ibada ne. Ramiz ma bai faɗa ba, don in ya faɗa sau ɗaya ya rasa abin tsokana har abada. Iyakarsa, in labari ya kai ƙololuwa, sai ya ce, "To Janar, a ran nan soyawa aka yi ko dafawa?"

A shekarar da abin ya faru fari aka yi mai tsanani, har babban tafkin bayan dutse ya ja baya. A ƙarƙashin tafkin nan Tihovo yake, ƙauyen da aka haifi Zumra, wanda aka tashe su daga cikinsa tana yarinya lokacin da gwamnati ta gina madatsar ruwa. Daga gaɓa ba ka ganin komai sai ƙyalli. Amma labari ya bazu cewa daga sama ana hango ƙauyen tangaran, lungu-lungu, gida-gida, kuma da ruwan kaka, wanda shi ne daminarmu, ya sauka shi ke nan, sai wani farin in da rai.

Zumra tana murza ƙullun pita, fanken nan namu da ake gasawa da cuku a ciki, ta ce, ba da kowa take ba, "Da ma in ga ƙofar gidanmu sau ɗaya kafin in koma ga Allah."

Sakib ya dire finjalinsa da ƙarfi. "Tsohuwa, kina auren mutumin sama kina cewa da ma? Ɗaura ɗankwalinki!"

Gabanta ya faɗi. Ta san shi. Amma abin da ta ji a ranta ya fi ƙarfin tsoron, sai ta ci gaba da murza ƙullu.

A birni akwai ƙungiyar masu ƙananan jirage da ke ba da haya, jirgi da matuƙinsa, a kewaya da kai ka more ido. Sakib ya buga musu waya a tsakar gida, da muryar da ko ba wayar za su ji shi. Suka ce ya zo filinsu.

"In tashi a birni, inda ba wanda ya san ni? A'a. Ku turo shi makiyayarmu, inda jirgin feshi ke sauka a da."

Aka ja, aka ja, har suka aiko aka duba makiyayar, aka tarar fari ya busar da ita kamar daɓe, suka yarda. Da suka tambayi nauyinsa, sai ya faɗi nauyin da yake da shi ranar ɗaurin aurensa.

"Tsoho, ka ji tsoron Allah," in ji Zumra.

"Nauyin namiji ba ya canjawa. Riga ce ke ƙanƙancewa."

Daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Ya ɗora kujera bisa teburin cin abinci, ya ƙwace sandar murza pita ya mai da ita sitiyari, yana gurnani da baki yana karkacewa hagu da dama, har ya rikito cikin kwandon albasa. Ya kori tumakin mutane daga makiyaya. Ya shata layi da farar ƙasa, layin da ya fara a miƙe ya ƙare a gindin itacen tuffa. Da ya ji ana rataya wani abu mai nuna inda iska ta dosa, sai ya kafa doguwar sanda ya ɗaura dogon wandonsa na sanyi, mai faci a mazaunai. Kujerun jirgin huɗu ne har da ta matuƙi, amma kujera ɗayar da ta rage sai da ya yi wa kowa a shagon gahawa alkawarinta, har da mai shagon da surukinsa. Da rigima ta tashi, sai ya raba gardama ya ce ragon da za a gasa na guzuri shi zai zauna a kai.

Ana cikin haka Ramiz ya jefa tambayar da ta jawo komai.

"Janar, buta nawa za a zuba muku?"

A wurinmu ba a barin matafiyi ya tafi a bushe. Yana juya baya ake zuba ruwa a sawunsa, don tafiyar ta gudana kamar ruwa, ya je lafiya ya dawo lafiya. Buta ɗaya uwa ke zubawa, ko ɗanta Jamus za shi.

Sakib ya dube shi sheƙeƙe. "Buta? Buta ta mai shiga bas ce. Mai hawa sama fa? Kowane gida bokiti!"

"Ka ce in zo da motar kashe gobara kawai," in ji Ramiz yana dariya, don shi ke tuƙa motar ƙauyen.

"Jama'a kun ji da bakinsa ya faɗa! Namiji ba ya magana biyu."

Da Zumra ta ji, ta ce, "Finjali ɗaya ya isa in da niyya."

"Ke dai kula da pita. Harkar sama ki bar wa masu ita."

Ranar tashi, bayan azahar, ƙauyen kaf ya hallara a makiyaya. Rana na dukan tsakar ka, amma Sakib ya fito cikin rigar fatar tunkiya ta marigayi mahaifinsa, da tabaran walda, da mayafi ya naɗe wuya har kunne. Ba don sanyi ba, don iskar nan mai shiga ta ƙofa ta fita ta taga, wadda kowa ya san ita ta cika rabin maƙabarta. Gumi na zuba masa kamar an matse tsumma.

Sai ga jirgi ya ɓullo ta bayan dutse, ɗan ƙarami, fari, ya kewaya wandon Sakib sau ɗaya, ya sauka a hankali ya tsaya tsakiyar makiyaya, daidai inda jama'a suke. Wata doguwar mace mai furfura ta fito tana ɓare 'ya'yan kabewa. Ta ce sunanta Vesna. Sakib ya sara mata, ya wuce ta, ya leƙa cikin jirgin.

"Ina maigidan, matuƙin?"

"Ni ce matuƙiyar. Maigidan yana gida yana feren dankali."

Ramiz ya durƙushe ya riƙe ciki don dariya, sai da aka yi masa fifita.

Vesna ta dubi Sakib daga sama har ƙasa, ta sake duban takardarta. "Wanda ya buga waya ɗanka ne?"

"Ni ne."

"To ina ka samo ragowar nauyin? A kawo sikeli."

Aka jawo sikelin da ake auna tumaki. Sakib ya hau, allura ta zabura ta kai ƙarshe tana rawa. Ya ce sikelin ya saba da tumaki, bai san mutum ba. Aka cire rigar fata da mayafi. Aka cire takalma. Aka zaro tukunyar gahawa daga ƙirjinsa, da kwalbar zumar tuffa a kowane aljihu, da dunƙulen cuku a cikin hula. Sannan aka zo kan guzuri: gasasshen rago a kan katako, farantan pita, tulun madara mai tsami, da ƙaramin murhu. Vesna ta ce ko ɗaya ba zai shiga ba.

Mata suka ɗora hannu a ka. "Za su mutu da yunwa a sama!"

"Kafin la'asar mun dawo, iyayena."

"Shi ya sa! Ba su ci komai ba tun azahar!"

Inna Devleta, wadda ta fi kowa shekaru a ƙauyen kuma kunnenta ya daɗe da yin ritaya, ta lallaɓa ta cusa wa Zumra yankin pita a jaka, ta ce da muryar da take zaton raɗa ce, "Ɓoye, kada doguwar nan ta gani!"

Vesna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce, "Ruwan sallama kuma buta ɗaya, can gefen shinge."

"Haka na tsara," in ji Sakib, yana ƙyafta wa Ramiz ido. Bokitai na bayan tarin ciyawa, motar kashe gobara na bayan rumbu, ta sha ruwan kogi ta ƙoshi.

Aka shiga. Zumra a baya, jakarta a cinya, leɓɓanta na motsi da addu'a. Sakib a gaba kusa da Vesna, wadda ta ce masa, "Ga abubuwan takawa a ƙarƙashin ƙafarka. Kada ka taɓa su."

"'Yar'uwa, ni za ki koya wa?"

Inji ya tashi. Daga inda take, Zumra ta ga wuyan mijinta ya sauya launi, ta ga ya runtse ido gam a cikin tabaran walda. Jirgi ya motsa.

"Ya motsa! A zuba!" in ji jama'a.

Bokitin farko bai taɓa ƙasa ba. Iskar farfela ta kwashe ruwan ta mayar wa masu shi a fuska. Ɗankwali ya tashi, hula ta tashi, farantin pita ya tashi ya bi su. Mata suka ɗauki salati, "Iska! Iska a jiƙaƙƙen jiki! Mun mutu!" Amma ba wanda ya yarda a ce gidansu ne bai zuba ba, sai kowa ya bi sawun jirgin da gudu yana sheƙawa. Ramiz ya kunno kai da motarsa yana jiniya, ya buɗe mesa. Mesar ta ƙwace daga hannunsa, ta miƙe tana wulwulawa kamar macijin da aka taka wa wutsiya, ta wanke mai shagon gahawa, ta wanke ragon, ta wanke wandon da ke bisa sanda, ba ta tsaya ba sai da tanki ya ƙare. Tsakiyar makiyayar kuwa ɗan kwari ne. Ruwa ya san hanyarsa.

Abin da ba wanda ya sani a Brezovo, har da Janar, shi ne jirgi ba ya tafiya irin ta bas. Sai ya gangara ƙarshen fili tukuna, ya juyo, sannan ya sheƙo da gudu ta inda ya baro ya tashi.

Tun suna gangarawa, duk ɗan tudun da taya ta taka sai Sakib ya yi nishi. A ransa sun daɗe da barin ƙasa.

"Rufe tagar nan! Kada ki yi sama da yawa! Tsohuwa, kada ki leƙa ƙasa!"

Zumra ta leƙa. Wata tunkiya na tafe a gefensu tana taunar ciyawa.

Vesna ta juya jirgi, ta ba shi wuta, ya fara gudu. Can sai ta hango wani abu na ƙyalli a tsakiyar filin da ta bari a bushe, da mutane tsaye a ciki har idon sawu suna ɗaga mata hannu. Ta kashe wuta nan take. Sakib ya ji ƙara ta ɗauke, ya tabbata inji ya mutu a cikin gajimare. Ya kurma ihu, ya take abin takawar nan da duk nauyin da ya ɓoye wa mutanen birni. Jirgi ya karkace, ya bar layi, ya nufi kwarin, ya shige laka har cibiyar tayoyi, ya tsaya cak a tsakiyar jama'a. Farfela ta yi juyi ɗaya ta tsaya.

Wuri ya yi tsit. Taga a buɗe take. Ido a runtse, Sakib ya ɗaga hannu.

"Ya Allah Ka sauke ni lafiya! Ban taɓa hawa jirgi ba! Ko kusa da shi ba a bari in je! Dankali nake ferewa, dankali, buhu-buhu! Ka sauke ni, na tuba!"

Ya buɗe ido a hankali. Fuskar Inna Devleta ce a jikin taga, jiƙe sharkaf, ba ɗankwali.

"Inna? Ashe ke ma kin riga mu zuwa lahira?"

Dariyar da aka yi sai da tumaki suka watse. Ramiz ne kaɗai bai yi ba. Ya zauna a matakalar motarsa yana girgiza kai. "Kaico. Shekara da shekaru ina tattalin abin nan, ya zo ya rabar da shi kyauta."

Aka shiga aikin fito da jirgi. Tarakta ta zo, ta kafe. Aka kawo ta biyu ta ja ta farkon, ta kafe a bayanta, tayoyi na haƙa rami suna watsa taɓo. Ƙarshe maza suka tuɓe takalma suka sa kafaɗa. Sakib, wanda ya diro ya nutse har gwiwa, nan da nan ya dawo hayyacinsa ya fara ba da umarni.

"Hagu! Na ce hagu! Ba a tura jirgi haka!"

"Yaya ake turawa, Janar? Da wuƙa ko da cokali?" in ji wani daga cikin masu turin.

Jirgi ya fara motsi. Sai ji aka yi shaa! Inna Devleta ta sheƙa sabon bokiti a bayansa.

"Inna, ba tafiya ba ce!"

"Ya motsa ko bai motsa ba?"

Aka ƙwace bokitin. Aka sake turawa, ya sake motsi, ta juye tulun madara mai tsami. Sai da aka zaunar da ita bisa tarin ciyawa aka ba ta ƙafar rago ta riƙe.

Da jirgi ya hau busasshiyar ƙasa, Vesna ta duba tayoyi, ta goge farfela, ta tofar da ɓawon kabewa. "Yau ba tashi. Fili ya tafi."

Zumra tana tsaye a gefe da jakarta. Ta dubi bayan dutse, inda hadari ya fara haɗuwa baƙi ƙirin, na farko tun watanni. Duk ƙauyen roƙon ruwan nan ake yi, ita ma ta roƙa, ba za ta ce kada ya zo ba. Ta matsa kusa da matuƙiyar.

"'Yata, ba don yawon buɗe ido na zo ba. A Tihovo aka haife ni. In ruwan can ya sauka, ban san ko zan kai wani farin ba."

Vesna ta daina tauna. Ta dubi hadari, ta dubi wandon da ya fara bushewa yana kaɗawa, sannan ta taka ragowar filin da ƙafa har ƙarshe ta dawo.

"Abin da ya rage gajere ne. Zai ɗauke ni da mutum ɗaya mara nauyi. Ɗaya."

Sakib ya gyara tsayuwa ya shanye ciki. "To, tunda aiki ya kira..."

"Mara nauyi na ce."

"Wa zai nuna miki hanya?"

"Gidan ubana ne, tsoho," in ji Zumra. "Na san hanya."

Ta buɗe jaka, ta zaro finjalin gahawarsa da ta taho da shi tun daga gida, ta cika shi daga butar alwalarta, ta miƙa masa. "Kai za ka zuba. Wannan kaɗai. In na ga bokiti, a birni zan sauka."

Ya karɓa da hannu biyu ba gardama, abin da ba a taɓa gani ba a Brezovo. Inji ya tashi, jirgi ya motsa, ya zuba. Farfela ta mayar masa da ruwan a fuska. Ya daɗe yana gogewa, fiye da yadda ruwan finjali ɗaya ke bukata.

Jirgi ya sheƙa, ya ɗaga, ya tsallake itacen tuffa da kyar, ya haye dutse.

Ruwan tafkin kore ne garai-garai, ga Tihovo kwance a ƙarƙashinsa kamar an rufa masa gilashi. Zumra ta fara gane masallaci, ta bi lungun da ke bayansa da yatsa a jikin taga, ta wuce gidan maƙeri, ta sha kwana. Ga katangarsu. Ga bakin rijiya. Ga faffaɗan dutsen ƙofar gida inda mahaifiyarta ke zama tana tsefe mata kai. Wani kifi ya fito ta ƙofar ya shiga ta taga.

"Ko a nan ma an bar ƙofa da taga a buɗe," ta ce, tana dariya tana share ido.

Vesna ta kewaya da ita ba tare da an roƙe ta ba, ta sake kewayawa. Zumra ta karanta wa iyayenta Fatiha. Sannan ta fito da pitar Inna Devleta ta raba biyu, suka ci a sama.

Da suka dawo, sun tarar da Sakib tsaye cikin laka yana wulwula farantan pita biyu, yana faɗa wa duk mai kunne cewa sauke jirgi daga ƙasa ya fi tuƙa shi wuya, shi ya sa ba a ba yara.

"Kin gani?" ya tambaye ta tun ba ta gama saukowa ba.

"Na gani, alhamdu lillahi."

"Kun ji ko? Na ce zan kai ta, na kai ta! Da ban tsaya ina nuna muku hanya da farantan nan ba, da yanzu kuna teku."

"Gaskiya ne," in ji Vesna. "Taswirata tafki ɗaya ta sani a yankin nan. Da na hango na biyu da sanƙo yana ƙyalli a tsakiya, na san mun iso."

Washegari ruwan kaka ya sauka, ya rufe Tihovo. Ya kuma cika kwarin da taraktoci suka haƙa, wanda bai sake bushewa ba har yau. Agwagi sun tare, kwaɗi sun yi gari, yara na kiransa Tafkin Sakib. Aka zaci bakin Sakib ya mutu. Ina! Ko mako ba a yi ba ya koma kujerarsa a shagon gahawa, ya bar maganar jirage, ya kama sabuwa.

"Gwamnati da injiniyoyinta shekara nawa suka yi kafin su haɗa tafki ɗaya? Ni fa? Tsakanin azahar da la'asar. Kuma ban tashi ƙauyen kowa ba."

Ramiz ya buɗe baki zai yi magana, ya duba ya duba, ya rasa inda ƙaryar take. Sai ya shanye gahawarsa.